Yusef Lateef: Mabushin da Ya Zo Zariya Koyon Sarewa

A shekarar 1981 wani dattijo baƙar fatan Amurka, mai shekara 60 a duniya, ya sauka a Zariya domin kama aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sunansa Yusef Lateef, wato Yusufu Abdullatif a bakinmu. Kafin zuwansa ya riga ya shafe shekara 40 yana busa, ya jagoranci ƙungiyoyin makaɗa, ya fitar da fayafayai masu yawa, kuma ana lissafa shi cikin manyan mabusa saksofon na kiɗan jaz. Mutum irin wannan, in ya zo ƙasar Hausa, abin da za a zata shi ne ya zo koyarwa. Ya koyar ɗin kuwa, amma babban abin da ya sa a gaba cikin shekara huɗun da ya yi a can shi ne sarewa, ƴar busar nan ta makiyaya.

Wannan labari ya cancanci a ji shi a ƙauyukan Mai Yara da sauran ƙasar Dakwaro, inda gonar manomi da burtalin makiyayi suke maƙwabtaka. A nan sarewa ba baƙuwa ba ce. Bayan an cire amfanin gona, shanu sun sauko cin kara, akan jiyo ta da maraice daga bakin ruga. Sai dai jin ta ya zama jiki, har ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Ba ta da fada kamar kakaki da algaita, ba ta tara kuɗi a gidan biki kamar kalangu. Yaro ne ke yanko ta, ya huda, ya busa wa kansa da dabbobinsa, in ta tsage ya jefar. Wanda ya yi boko kuwa, da wuya ya sa ta cikin abubuwan da ake kira ilimi. To, me wannan baƙo ya ji a cikinta da har ya zauna nazarinta?

An haife shi ranar 9 ga Oktoba 1920 a garin Chattanooga, a kudancin Amurka, aka raɗa masa suna William. A 1925 iyayensa suka koma Detroit, birnin masana'antun motoci, inda baƙaƙen fata daga kudu suke ta kwarara neman aiki. Can ya tashi, can ya fara busa tun yana makarantar sakandare. Saksofon wani ƙaho ne na tagulla mai lanƙwasa, wanda wani mutumin Beljiyam mai suna Adolphe Sax ya ƙirƙira a shekarun 1840. A bakinsa akwai ɗan siririn ɓallin kara guda ɗaya da ke karkarwa in iska ta bi ta kansa, a jikinsa kuma akwai huduji masu marufai da yatsu ke dannawa. An yi shi ne domin makaɗan soja da na manyan zaurukan Turai, amma jikokin bayi a Amurka su ne suka ba shi murya, suka sa shi kuka da dariya da gunaguni kamar ɗan Adam. Birnin Detroit na wancan zamani ya yaye gwanaye da yawa, irin su Milt Jackson da Kenny Burrell da Barry Harris, kuma a cikinsu Lateef ya goge.

A 1949 ya shiga babbar ƙungiyar Dizzy Gillespie, wanda a lokacin yana cikin jagororin sabon salon jaz. A daidai waɗannan shekaru ne kuma ya musulunta ta hannun jama'ar Ahmadiyya, ya ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi. A 1950 rashin lafiyar matarsa ta mai da shi Detroit. Wani zai ga wannan a matsayin koma baya, domin kasuwar jaz tana Niyok. Shi kuwa sai ya shiga jami'ar Wayne ya fara karatun tsara kiɗa, ya ɗauki sarewar Turawa ta ƙarfe, daga baya ya ƙara da wata busa da ake kira obo. Yakan kuma daɗe a ɗakin karatu na birnin yana binciken kiɗan Larabawa da na Indiya da na Sin. Tun daga nan halin da zai kai shi Zariya ya bayyana: duk sa'ad da hanya ta tsuke masa, sai ya koma ɗalibi.

A tsakiyar shekarun 1950 ya kafa ƙungiyarsa, kuma a 1957 fayafayansa na farko a matsayin shugaba suka fito. Abin da ya bambanta ƙungiyar da sauran shi ne kayan da ya shigo da su. Ya busa argul ta Masar, ya busa shahnai ta Indiya, ya sa mai kaɗa babbar molon ƙungiyar ya riƙa ɗaukar rababa. Mai karatu na ƙasar Maraɗi ba ya buƙatar dogon bayani a kan shahnai da obo, domin dangin algaita ne: duk ukun bakinsu kara biyu ne a haɗe masu karkarwa da juna. Wanda ya taɓa jin algaita a ƙofar Sarkin Gobir a Tsibiri ko ta Sarkin Katsina a Maraɗi ya san wannan murya mai ratsa kunne. A faifansa na 1961 mai suna Eastern Sounds, wato muryoyin gabas, ya buɗe da wata ƴar busar Sin ta yumɓu mai siffar ƙwai, wadda muryoyinta ba su da yawa. Da waɗannan ƴan muryoyi ya gina kiɗan da har yau ake saurare. Ya riga ya gane cewa ƙarancin huduji ba ya rage darajar abin busa, in dai mai busar yana da abin faɗa.

A 1960 ya koma Niyok, ya yi aiki da Charles Mingus, sa'an nan daga 1962 zuwa 1964 ya zauna a ƙungiyar Cannonball Adderley. Abokinsa ne John Coltrane, wanda shi ma ya juya kunnensa wajen Afirka da Indiya. Duk da wannan suna, bai bar aji ba. Ya sami digirin farko a 1969 da na biyu a 1970 daga makarantar kiɗa ta Manhattan, sa'an nan digirin digirgir a fannin ilimi daga jami'ar Massachusetts a 1975, yana da shekara 54 da ɗoriya, da kundin da ya kwatanta tarbiyyar Turawa da ta Musulunci. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, kuma da wuya a sami wanda maganar ta zauna wa kamarsa.

Akwai abu biyu da ya yi waɗanda suka shafi mutuncin sana'arsa. Na farko, ya ƙi yarda a kira kiɗansa jaz, domin a ganinsa kalmar tana ɗauke da raini da ma'anonin banza. Ya ƙirƙiro wata doguwar kalma a madadinta, mai nufin kiɗan da ke fitowa daga jiki da hankali da ruhin mai yin sa. Na biyu, wajen 1980 ya daina busa a duk inda ake sayar da giya, alhali a irin waɗannan gidaje ne yawancin mabusa jaz suke samun abinci. Wannan damuwa tasa ba za ta ba Bahaushe mamaki ba. A nan ma ana rawa da kiɗan makaɗi, ana yi masa liƙi, amma in ya zo neman aure sai a tuna cewa maroƙi ne. Lateef ya nemi fita daga irin wannan ƙasƙanci ta hanyar karatu da kamun kai, ba tare da ya ajiye ƙahonsa ba.

Da wannan shiri ya iso Zariya. Sarewar da ya tarar ƴar sanda ce mai rami, buɗe sama da ƙasa, yawanci mai huduji huɗu. Ba ta da baki irin na saksofon, ba ta da marufi. Mai busa yana ɗan karkata ta, ya hura iska a gefen bakinta, sauran aikin kuwa na leɓe ne da numfashi. In ya ƙara ƙarfin iska, muryar ta hau sama. In ya rufe rabin huda, ya sami wata murya tsakanin biyu. Gwanaye suna haɗawa da gunji daga maƙogwaro, sai a ji kamar mutum biyu ne ke yi. Mabushi irin Lateef, wanda ya saba da ƙaho mai marufai fiye da 20, ya fi kowa sanin wuyar wannan aiki, domin abin da injiniya ya sauƙaƙa masa da tagulla, makiyayi da jikinsa yake yin sa. Daɗin daɗawa, yawancin kiɗan wannan yanki a kan matakan murya biyar yake tafiya, kamar yadda tsohon kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kira bulus yake yi. Ba lallai ne a ce wannan ya haifi wancan ba, amma kunnen da ya tashi da ɗaya ba zai ji ɗayan baƙo ba.

Zamansa bai tafi a banza ba. A 1983 ya fitar da faifai tare da makaɗa da mawaƙan cibiyar, aka sa masa suna da kalmar Hausa, Hikima. A cikin shekarar kuma ya ɗauki wani a Legas tare da makaɗan Nijeriya, wanda ya fito a 1985 da sunan In Nigeria. Mafi muhimmanci ga malamai shi ne littafin da suka rubuta da abokin aikinsa Ziky Kofoworola a kan wasanni da kiɗe-kiɗen Hausawa, wanda aka buga a Legas a 1987. Littafin da Turanci yake, kuma nan ne gizo ke saƙa: an rubuta shi a kan Hausawa, amma makiyayin da ke busa da manomin da ke saurare ba za su iya karanta shi ba.

Ya koma Amurka a 1985, ya ci gaba da koyarwa a Massachusetts. A 1988 ya sami lambar Grammy saboda wani faifai da shi kaɗai ya kaɗa duk kayan da ke ciki. A 1992 ya kafa kamfaninsa na fayafayai mai suna YAL, domin ya fitar da abin da yake so ba tare da neman iznin ƴan kasuwa ba. A 2010 hukumar fasaha ta ƙasar Amurka ta ba shi lambar girma mafi daraja da take ba mabusa da makaɗan jaz, sunan da shi kansa ya ƙi. Ya rasu ranar 23 ga Disamba 2013, yana da shekara 93.

Kada a ɗauka sai baƙo ne ke iya irin wannan tawali'u. Malam Mamman Barka, ɗan ƙasar Tasker, malamin makaranta ne kafin ya shahara da gurmi. A 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi ya durƙusa gaban Bukar Tar, tsohon da ya rage yana kaɗa biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma. Ya koya, ya kai biram ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2018. Da ya jinkirta ƴan shekaru, da tsohon ya tafi da abinsa kabari.

Sarewa ba ta kai wannan gaɓa ba tukuna, amma alamun hanya sun bayyana. Yaron da ke bin shanu a dajin Dakwaro yau yana da salula a aljihu cike da waƙoƙi, kuma ba laifinsa ba ne in ya ga danna maɓalli ya fi huda kara sauƙi. Ilimin busar ba ya cikin takarda. Yana cikin leɓɓan ƴan tsirarun mutane, kuma kowane taken da suka sani yana da suna da lokacinsa da dalilinsa. In mai shi ya mutu ba a tambaye shi ba, shi ke nan.

Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantar boko tun 1973 a Damagaram, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma harshe ba ya zama a aji shi kaɗai, sai da kayan da zai ɗauka. Malamin firamare a Mai Yara ba ya buƙatar kuɗin wata hukuma kafin ya gayyato mabushin sarewa daga rugar da ke kusa, ya shimfiɗa masa tabarma, yara su ga yadda ake zaɓen kara da auna tazarar huduji da yatsu. A cikin wannan akwai darasin awo, akwai na yadda iska ke zama sauti, akwai kuma na zaman tare, domin ɗan manomin da ya koyi busa a hannun makiyayi zai yi wuya ya ɗauke shi abokin gaba ranar da saniya ta shiga gona. Ƙungiyoyin al'adu kuwa, salular da ke janye yara daga sarewa ita ce za ta iya ɗaukar muryar tsofaffi. Abin da ya rage shi ne a rubuta sunan mai busar da na wanda ya koya masa, da sunan kowane take da ma'anarsa, da Hausa da Fulatanci, a ajiye kwafi a makaranta da gidan rediyon karkara, a kuma biya mutumin ladan lokacinsa kamar yadda ake biyan kowane malami.

Lateef ya tsallako teku yana da furfura kafin ya kai ga wannan ilimi. Malamin Mai Yara kuwa, tafiyar da ke tsakaninsa da shi ba ta wuce ta yammaci ɗaya a ƙafa ba.