Sabon Fenti, Tsohon Bango

Mu malaman sakandare da ke koyarwa tsakanin Tambuwal da Kebbe mun san inda ɗalibanmu kan dosa in an tashi: shagon gem, inda janareto ke ruri, yara sun yi cincirindo gaban talabijin suna buga ƙwallo da yatsu. Ba faɗan tarbiyya ya kawo mu wannan shafi ba, hajar da ake sayar musu ce ta tsaya mana a rai.

Kamfanin EA na Amurka ya fitar da wasan FIFA na farko a 1993. Tun daga nan kowace shekara sai sabo ya fito, har 2023 da aka sauya masa suna zuwa EA Sports FC. Hoto kam ya ci gaba, har gumin ɗan wasa kana gani. Amma tambayi yaran bambancin na bara da na bana, sai su ce riguna da sunaye. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya zuba miliyoyin daloli ba ya son kasada, abin da ya ci kasuwa jiya shi zai maimaita. Bin sawun ma ba kullum yake biya ba: a 2024 Sony ya saki Concord, wasan harbi irin waɗanda suka cika kasuwa, cikin mako biyu aka janye shi, aka mayar wa mutane kuɗinsu.

To, dubi Tetris da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, tubala ne kurum ke faɗowa kana jerawa, ga shi har yau ana yinsa. Ko mu dawo gida: dara, ramuka 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya. Babu mai sabunta ta, dattawa kuwa ba su gaji ba, domin kowane zama da irin tunanin da yake nema.

’Yan'uwa marubuta, tsiyar ba ta tsaya ga Turawa ba. Da littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya karɓu a shekarun 1990, littattafai nawa suka ari rigarsa? Mai kamfani dai yana da uzurin dukiyarsa. Mu kuwa biro da takarda kawai muka zuba, amma har yanzu labaran da ɗalibanmu ke kawo mana mu duba, galibinsu da ɗan mai kuɗi a mota da 'yar talaka a bakin rijiya suke farawa.