Awannin da Ƙanwata Ta Ba Ni Aro

Ɗalibaina mata sukan tambaye ni yadda aka yi 'yar Mora ta zama malamar kimiyyar kwamfuta. Na lura amsar da suke jira labarin jarumta ce: an raina ni, na jure, na kai gaci. Na daɗe ina ba su wannan amsa saboda daɗin jinta. Yau ina so in ba da wadda ta fi kusa da gaskiya, ko da ba za ta ƙawata ni ba.

Ga wanda bai san garinmu ba, Mora tana gindin duwatsun Mandara, a yankin Arewa Mai Nisa na ƙasar Kamaru, kimanin kilomita 60 arewa da Marwa. Ita ce hedikwatar gundumar Mayo-Sava, nan kuma fadar Sarkin Mandara take. Mu Hausawan garin fatauci ne ya kawo kakanninmu. A gida Hausa muke yi, a kasuwa a ji Fulatanci da Mandaranci da Barbarci da Larabcin Shuwa, a makaranta kuwa sai Faransanci. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, atamfa yake sarowa daga Banki, ya ratso ta Amcide ya kai Marwa.

Mu biyu ne mata a ɗakin Inna, ni da ƙanwata, shekara biyu tsakaninmu. Da na shiga lise aka ga ina da kan lissafi, sai Inna ta yanke hukunci ba tare da ta shawarci kowa ba. Ta dubi ƙanwata ta ce, "Yayarki ta littafi ce. Ke ki kama mini aiki." Daga ranar ɗiban ruwa da surfe da wanke-wanke da renon ƙannenmu maza suka koma wuyanta. Ni kuma in shimfiɗa tabarma, in kunna aci-bal-bal, in buɗe littafi. A lokacin na ɗauka haƙƙina ne, tunda ni ce mai zuwa ta ɗaya a aji. Ban tsaya na tuna ba cewa idan Baba yana lissafin ribar bandir ɗin atamfa da canjin naira zuwa sefa, ita ce mai riga kowa faɗin amsa da ka, kafin ni in gama neman fensir. Ta tsaya a firamare, aka yi mata aure tana da shekara 16.

Na kawo wannan ne domin abin da ya fi hana mace ci gaba a wannan fage lokaci ne, shi kuwa ba a cika zancensa a tarurrukan ƙarfafa wa mata gwiwa ba. Rubuta manhaja sana'ar hannu ce, kamar saƙa ko dukanci. Za ki rubuta, na'ura ta ƙi karɓa, ki shafe awa uku kina neman waƙafi guda da ya ɓata miki aiki. A cikin awannin nan uku ake koyon sana'ar. Karatun aji hanya kawai yake nunawa.

Lokacin da na ci jarrabawar bakaloriya babu jami'a a Marwa, sai a 2008 aka kafa ta, ta Garwa kuwa sai a 2022. Dole na tafi Ngaundare, tafiyar fiye da kilomita 500, bayan gardamar da ta ɗauki dangi damina guda. Can na fara ɗora yatsa a kan kwamfuta. Abokan karatuna maza sukan kwana a shagunan intanet na gari, domin kuɗin dare ya fi sauƙi. Budurwa kuwa, a gan ta tana shiga irin wannan shago bayan lisha, kafin asuba labari ya kai Mora. Saboda haka a kan takarda nake rubuta yawancin manhajojina, in bi su layi-layi da fensir kamar ni ce na'urar, sannan in gwada su a ɗan lokacin da na samu da rana. Wannan ya koya mini taka-tsantsan, ban musa ba, amma ba zan yi wa kowace yarinya fatan irin wannan koyo ba.

Aikina na farko a wani kamfani ne a Garwa. Raini na fili bai dame ni sosai ba. Mutum ya shigo ya same ni a kan na'ura ya ce, "Hajiya, kira mana injiniyan," in ce masa ga ta a gabansa, ya yi dariyar kunya, magana ta ƙare. Abin da ya cuce ni tausayi ne. Duk lokacin da za a fita gyara ko shimfiɗa igiyoyin sadarwa a wani gari, sai shugabanmu ya ce, "Haba, ba za mu wahalar da ke cikin ranar nan ba, ki zauna a ofis." Mutumin kirki ne, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. To, amma a wajen gyaran ne ake gamuwa da matsalar da babu ita a littafi, can ake sanin abokan ciniki, can ake yin suna. Bayan shekara biyu samarin da muka shiga tare sun zama masu faɗa a ji, ni kuwa na ƙware a buga wasiƙu. Zagi ana iya mayar da martaninsa. Girmamawa fa, da wane baki za ki ƙi ta? Na ajiye aikin na koma karatu.

Abin mamaki, tarihin fagen bai fara da maza zalla ba. Mata shida ne suka tsara ayyukan na'urar ENIAC a Amurka a tsakiyar shekarun 1940, sa'ad da ake kallon aikin a matsayin na akawu. Da ya zama aikin kuɗi da daraja sai aka fara cewa na maza ne. A Kamaru ma muna da abin nunawa: Rebecca Enonchong ta kafa kamfanin AppsTech a 1999, Minette Libom Li Likeng kuma ta zama ministar gidan waya da sadarwa a 2015. Ina alfahari da su, ina kuma ambaton su a aji. Sai dai yarinyar da ke Mora ba ƙofar bene ce ta tsare ta ba, matakalar farko ce.

Matakalar nan ta ƙara tsawo tun da rikicin Boko Haram ya ƙetaro iyaka. An kai wa Kolofata hari a Yulin 2014, kasuwancin Banki da Amcide ya tsaya, makarantun bakin iyaka suka rufe, 'yan gudun hijira suka cika Mora. A 2015 aka yi hare-haren ƙunar baƙin wake a Marwa da Mora, kuma sau da yawa 'yan mata ake ɗaura wa abin. Aka taƙaita zirga-zirgar babura, aka hana rufe fuska. Na je gida a wannan shekarar da kwamfutata a jaka, na ga yadda mutane ke ja da baya idan mace mai jaka ta nufo su a tasha. Ban ga laifinsu ba. Amma na san iyaye da yawa da suka ce daga makaranta sai gida, babu darasin yamma, babu shagon intanet.

Digirina na uku a kan sarrafa rubutun Hausa da Fulatanci da kwamfuta na yi shi. Ɗaliban Hausa sun san ciwon: madannan Faransanci da muke amfani da su a nan ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai mutane su rubuta "kasa" suna nufin "ƙasa", na'ura ta kasa bambance su. Da na buƙaci Hausar baka tsantsa, wadda Faransanci bai gauraya ba, wurin ƙanwata na koma. Na ɗauki muryarta awanni masu yawa tana ba da tatsuniya, tana bayanin girki da biki da ciniki. Ita ce yanzu uwar adashin unguwarsu, tana karɓar zubi ta Orange Money, lissafin mata talatin yana kanta, saƙonninta duka na murya ne. Sunanta yana shafin godiya na kundina, cikin harshen da ba ta karantawa. Na taɓa neman gafararta. Ta ce, "Yaya, ai rabo ne." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma ki ɗauki 'yata."

Yarinyar tana hannuna shekara huɗu ke nan, tana ajin kimiyya, na kuma ba ta tsohuwar kwamfutata. Makon jiya na dawo daga aiki a gajiye, na tarar da kwanuka jibge a tsakar gida. Ɗana, sa'anta, yana kwance a falo yana wasa da waya. Ban ko dube shi ba, sunanta na ƙwala wa kira. Ta ɗago kai daga kan na'urar ta ce, "Umma, saura kaɗan in gano inda kuskuren yake." Na ce ta rufe ta zo. Ta rufe, ta taso, ta ɗaura zane, ta durƙusa gaban baho. Sai da na ji ƙarar kwano na farko sannan na gane muryar wa na yi magana da ita.