Zauren da muka kama haya mu bakwai

 

Mu bakwai ne, dukanmu mazauna Damagaram, kuma babu mai cin albashi a cikinmu. Akwai mai zayyanar allo, da baduku, da maɗinki mai aikin wuyan riga, da mai tsara katin aure da na suna a kwamfuta, da mai ɗaukar hoto, da mai fassara takardu daga Faransanci zuwa Hausa. Ta bakwai ɗinmu ƙanwarmu ce mai ɗinkin kayan mata. Kafin shekarar 2022 kowa a gidansa yake aiki, kuma duk magidanci ya san abin da ke cikin haka: yaro ya tuntsure tawada a kan aikin kwana uku, mai sayen kaya ya tsaya a ƙofa yana sallama, ba damar a ce masa ya shigo cikin iyali.

Da muka sami wani gida mai zaure da ɗaki biyu kusa da Kasuwar Dole, sai zumuɗi ya ɗebe mu. Muka ce duk abin da kowa ya samu a zuba shi asusu guda, ƙarshen wata a raba daidai. Allah ya sa babban wanmu, mai zayyana, ya ce a fara jin ta bakin limamin unguwa.

Malam ya saurare mu har muka gama, sannan ya jawo Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, littafin da yawancinmu muka taɓa zama a gabansa muna yara. Ya nuna mana cewa tarayya ta aikin jiki halal ce idan aikin iri guda ne kuma a wuri guda ake yin sa. Mu kuwa wurin ne kaɗai guda. Wanda ya kwana yana huɗa fata da wanda ya ɗauki hoto goma da hantsi, da wane mudu za a auna guminsu? Shawararsa ita ce mu yi tarayya a haya da ruwa da kuran, kowa ya riƙe cinikinsa. Ya ƙara da cewa mu rubuta, ya tuna mana aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, kuma a kan rubuta bashi ta sauka.

Nan ne kunya ta kama mu. A wurinmu, ka ce wa abokin da kuka yi makarantar allo tare ya sa hannu a takarda, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Duk da haka muka rubuta shafi guda: jaka 5 kowane mutum a wata, ɗakin da ke da ƙofa ta waje na ƙanwarmu ne da matan da ke zuwa awo, kuma in an kira salla a rufe zaure.

Abin da takardar ba ta hango ba ya zo a watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar da ƙasarmu ke samu daga Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Masu kwamfuta suka zauna hannu rabbana. Aka aro injin wuta, sai maganar mai ta taso. Baduku ya ce shi hasken rana ya ishe shi, ba zai biya man da ba ya ci ba. Mai hoto ya ce in haka ne, shi ma ba zai biya ruwan da ake jiƙa fata da shi ba. Gaskiya kowannensu yana da hujja, amma maganar ta yi zafi har aka ambaci abin da bai kamata ba. Mako uku ba a dafa shayi a zauren ba.

Babban wanmu ne ya kawo littafin ƴan lekwal, ya rataye shi jikin injin: duk wanda ya tayar, ya rubuta awowinsa, ya biya gwargwadonsu. Daga baya muka yi adashi muka sayi faranti biyu masu kama hasken rana da batir. Shi da ba ya bukatar wuta, shi ya fara zubi. Da aka tambaye shi dalili, ya ce: "Rabin masu sayen allon sauka a hannuna, katin walima suka zo bugawa suka gan ni."

Mai hoto bai jira wannan ba, ya kwashe kayansa. Muna gaisawa a masallacin Juma'a, mun je sunan ɗansa, amma bai dawo ba. Yanzu mu shida ke ɗaukar hayar mutum bakwai, takardar kuma ta zama shafi uku. Wani yaro mai gyaran sauti ya zo neman gurbin. Mun ba shi ita ya tafi da ita gida, ya karanta wa mahaifinsa tukuna.