Ziyarar Tiga Da Labarin Masu Nutso

A hutun Ista, ana tsakiyar zafin bazara, na ɗebi yaran ajina muka shiga mota daga Nariya, muka bi ta Rano zuwa Tiga. Yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce na kududdufi ba. Da muka hau kan madatsar, sai kowa ya yi tsit. Ruwa ne shimfiɗe iyakar ganin ido, ga duwatsu sun leƙo daga cikinsa kamar tsibirai, ga masunta can nesa cikin kwalekwale.

An gina wannan madatsa a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ne ke bi ta magudana har Kadawa da Kura, inda ake noman rani.

Muna zaune a inuwa sai wani yaro ya ce, "Malam, mutum yana iya sauka har ƙasan ruwan nan ya dawo?" Na ce yana iyawa, amma sai da kayan aiki da horo.

A 1943 ne wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da mutum zai goya tukunyar iska a baya, yana shaƙa ta bututu a ƙarƙashin ruwa. Tun daga nan nutso ya zama abin shaƙatawa. Mutane kan tafi hutu tsibiran ƙasashe masu zafi, su sa tabarau da takalma masu kama da ƙafar agwagwa, su sauka kallon kifaye da murjani.

Ɗaya daga cikin shahararrun wuraren nan yana gaɓar Sudan, a Bahar Maliya. Can ne tsibirin Suwakin yake, wanda aka gina tsofaffin gidajensa da dutsen murjani, kuma ta nan ne Hausawa masu tafiya Makka ta ƙasa suka riƙa ƙetarewa zuwa Jidda. A 1963, arewa da Port Sudan, mutanen Cousteau suka yi kwana 30 cikin wani ɗakin ƙarfe, mita 10 ƙarƙashin teku.

To, amma ga abin da na fi so yaran su riƙe. Ruwa yana da nauyi. A zurfin mita 10, abin da ke danne jikin mutum ya ninka na bakin gaɓa sau biyu. In mai nutso ya shaƙi iskar tukunya a can, ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ta yi wa huhunsa lahani. In kuma ya daɗe a zurfi ya taso da gaggawa, kumfa kan taru a jininsa, har ta kai ga shanyewar jiki. Saboda haka suna da dokoki: kada a riƙe numfashi, a taso sannu a hankali, kada kuma a sauka sai da abokin tafiya. Sabon koyo ba ya wuce mita 18.

Ku duba fa, waɗannan manya ne masu horo, cikin ruwa garau, duk da haka ba mai shiga shi kaɗai. Ina ga yaronmu da kan tuɓe riga ya faɗa dam ko kududdufi, ba wanda ya san ya tafi? Ruwanmu gurɓatacce ne, ba a ganin ƙasansa. Akwai laka, da kututture, da tsohuwar koma mai sarƙe ƙafa.

Kafin mu tashi na ƙidaya yaran, sai na ga babu ɗaya. Gabana ya faɗi. Ashe ya zagaya bayan dutse, har ya cire takalma. Wani masunci ne ya riƙo hannunsa ya kawo mini shi.

Iyaye, hani kawai ba ya isa, gama ruwa yana jan yaro. A nemi wanda ya iya ya koya musu iyo a wuri marar zurfi, a kuma kafa musu dokar masu nutso: ba mai shiga ruwa shi kaɗai.