Daren Juma'a a cikin na'ura

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan muna riƙe da kundin maigidanmu, dattijon unguwa a nan Zangon Kumasi. Haihuwa da ɗaurin aure da rasuwa, duk da alƙalami muke shigar da su. Bara samarinmu suka ce gara ta soma taɓa tsofaffin shafuka, suka rubuta mana manhaja da yaren Python domin adana kundin. Muka amince, ko da yake ba da cikakkiyar natsuwa ba.

Wata shida ba mu ga aibu ba, sai da wani dattijonmu ya rasu a Makka, Allah ya jiƙansa. Takardar da aka aiko ta ce ƙarfe 1 na dare, ranar Juma'a, haka kuma aka shigar. Da aka zo lissafin takabar iyalinsa, wata huɗu da kwana goma, na'ura ta ɗauko daga Juma'a. 'Yan'uwan matar suka ce sam, ran Alhamis bayan sallar Isha'i aka bugo musu waya, ba su ma kwanta ba. Har an fara ɗaga murya a zaure.

Babu wanda ya yi ƙarya. Agogon Makka na gaba da namu da awa uku, don haka ƙarfe 1 a can ƙarfe 10 ne na daren jiya a nan. Yaron da ya rubuta manhajar ya bayyana mana cewa a Python lokaci iri biyu ne: akwai wanda aka ɗaura masa yankinsa, akwai kuma tsura, lamba kawai ba tare da wuri ba. Shi da tsuran ya yi aiki. Abin da ya rufe kuskuren shi ne agogon Gana daidai yake da UTC, ma'aunin da duniya ke komawa gare shi, kuma ba ma sauya shi da rani ko damina. Da a Kano ko Yamai muke, inda ake gaba da awa ɗaya, wataƙila da tuni ya ankara. Ya gyara da zoneinfo, wanda ya shigo yaren a 2020. Yanzu ba a karɓar sa'a sai an faɗi garinta.

Sai dai akwai abin da gyaran bai kai gare shi ba. Ranar na'ura tsakar dare take juyawa, tamu kuwa da faɗuwar rana. A lissafin da muka koya a gaban malamai, mamacin a daren Juma'a ya cika, can da nan baki ɗaya. Haka kuma na'ura ƙirga kwanan watan Hijira take yi, mu kuwa sanarwar ganin wata daga Babban Limamin Ƙasa muke jira, kuma sukan saɓa da kwana guda.

Saboda haka muka sa aka buɗe gurbi na daban, wanda mu ke cike shi da hannu bayan Magariba. Ranar fitar takabar kuwa, liman ne ya tsayar da ita daga wannan gurbin, ɓangarorin biyu suka yi na'am.