Yini Guda Daga Mararrabar Diko Zuwa Matsirgar Gurara

Dubban matafiya ne suke ratsa Mararrabar Diko kowace rana, inda hanyar Minna ta rabu da babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja, amma kaɗan ne suke tsayawa don wani abin da ya wuce sayen doya ko sauya mota. Alhali kuwa wanda ya yi sammako daga nan, yini guda ya ishe shi ganin abubuwan da wasu ke ƙetaro teku dominsu.

Diko garin Gwarawa ne, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi. Tun da asuba mutum zai ga matansu sun jero bakin titi, kowace da kayanta a kafaɗa, gama ba al'adarsu ba ce ɗora kaya a ka.

In matafiyi ya fara miƙawa kudu, ba zai daɗe ba sai Dutsen Zuma ya tare masa gaba a kusa da Madalla, watau dutsen nan da ke jikin takardar Naira 100. Daga nan sai ya juyo ya shiga Suleja. Wannan gari shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan jihadi ya fid da sarakunan Haɓe daga Zariya. Da aka tsai da shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai garin ya bar wa birnin sunansa, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. A nan ne kuma Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin Naira 20, ta shiga makarantar ginin tukwane a 1954, har sunanta ya kai Ingila da Amurka.

Kafin azahar sai a komo ta Diko a kama hanyar Minna. Bayan an wuce Lambata, a ƙauyen Bonu, akwai 'yar hanya da ke ratsewa cikin daji. Tun mota ba ta tsaya ba kunne zai fara jin rugugi kamar na hadari. Matsirgar Gurara ke nan, inda kogi yake zubowa daga kan duwatsu masu tsawon kimanin mita 30, faɗinsu kuwa wajen mita 200. Da damina ruwan jajir yake, feshinsa na tashi sai ka ce hayaƙi, ba mai iya kusantarsa. Da rani kuwa sai ya ja baya, duwatsu da rairayi su fito tsibiri-tsibiri a tsakiyar kogin, mutum ya sauka ya zauna a kansu, ba ya jin kome sai ruwa da kukan tsuntsaye.

To, amma duk direban da ya san wannan hanya zai matsa wa fasinjojinsa a juya tun rana ba ta yi sanyi ba. Manyan motocin kaya da tankokin mai sun yi wa titin yawa, aikin mayar da shi tagwaye kuma ya shafe shekaru yana jan ƙafa. Mutanen Diko ba su manta da ranar Asabar, 18 ga Janairu, 2025 ba, sa'ad da tankar fetur ta kife a mararrabar, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi ta hallaka mutum fiye da 80.

Allah ya riga ya ajiye dutse da ruwa a wannan yanki. Abin da ya rage wa hukuma shi ne hanyar da baƙo zai bi ya je ya gani, ya komo gida lafiya.