Wayar Ranar Wuya: Yadda Aka Koyi Auna Wayar Ƙasa a Amurka

A shekarar 1882, lokacin da Thomas Edison ya kunna tashar wutarsa ta titin Pearl a birnin New York, waya biyu ce ke shiga gini, ɗaya ta kai wuta, ɗaya ta komo da ita. Haka gidajen Amurka suka zauna shekara da shekaru, wayoyi na ɗaure a kan 'yan dunƙulen tangaran cikin rufi da bango. Ba a yi wa wuta tanadin hanya ta uku ba. Ranar da rigar waya ta zaizaye, wuta ta hau jikin inji, sai ta bi ta jikin wanda ya fara taɓawa, ko ta kama katakon da ke kusa.

Gobara ce ta sa aka zauna aka yi doka. Kamfanonin inshora, waɗanda asarar ke faɗawa a kansu, suna cikin waɗanda suka matsa har aka fitar da kundin dokokin aikin lantarki na ƙasar, NEC, a 1897. Daga 1911 ya koma hannun ƙungiyar kare gobara ta NFPA, kuma a yau duk shekara uku ake sabunta shi.

A wancan zamani masu aikin wuta ƙarfe suka yarda da shi. Bututun da waya ke bi ta ciki, da sulken da ya naɗe kebul, da bututun ruwan famfo, su ake sa ran za su kwashe wutar da ta kuɓuce. Sai dai ƙarfe yana tsatsa, mahaɗa tana sassautawa, sulke kan yi ja don zafi alhali fis bai tsinke ba. Daga baya kuma bututun roba ya fara maye gurbin na ƙarfe. A hankali aka gane cewa wutar da ta ɓace hanya tana bukatar tafarki nata na kanta, wato wayar ƙasa, wanda zai mai da ita inda ta fito da ƙarfin da zai tsinka fis nan take. Kundin 1962 ya wajabta soket mai rami uku a sababbin gidaje.

A manyan masana'antu lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Injuna suka girma har kebul ɗaya ya kasa ɗaukar wutarsu, in ma an samu mai kaurin, lanƙwasa shi aiki ne. Sai aka koma jera kebul uku ko huɗu masu kauri ɗaya da tsawo ɗaya, a haɗe bakinsu a farko da ƙarshe, su raba kayan a tsakaninsu. Ana shimfiɗa su a kan tiren kebul, wannan tsanin ƙarfen da ke bi ta saman kawunan ma'aikata daga ɗakin taransifoma zuwa akwatin raba wuta.

A nan ne tsohon lissafi ya yaudari mutane da yawa. Ga kebul huɗu a bayan bureka mai amfiya 1,200, kowanne na ɗauke da 300. Hankali zai ce ita ma wayar ƙasa a raba ta huɗu, musamman da yake kamfanin da ya ƙera kebul ya riga ya sa wa kowanne siririyar waya daidai da ƙarfinsa shi kaɗai. A teburin kundin, amfiya 300 na bukatar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 21 ko kusa da haka, amfiya 1,200 kuwa kusan 85.

Rabon yana aiki ne kawai a ranar da komai ke lafiya. In riga ta fashe a tsakiyar kebul ɗaya, wuta takan kwararo wurin daga ɓangarori biyu, ta bakin farko da kuma ta sauran kebul ɗin da suka zagayo ta ƙarshe, sannan ta nemi komawa ta siririyar wayar da ke cikin wanda ya lalace. Kamar ruwan damina ne da ya taru daga indararo huɗu aka ce ya fice ta rariya ɗaya. Bureka tana jiran babbar wuta kafin ta faɗi, siririyar waya kuwa tana iya narkewa kafin nan, ta bar jikin injin da tiren duka ɗauke da wuta. Shi ya sa sashe na 250.122 na kundin ya ce da girman burekar da ke tsaron layin gaba ɗaya za a auna wayar ƙasa.

Shekaru da dama wannan hukunci ya yi wa 'yan kwangila nauyi. Dole su yi odar kebul na musamman mai babbar wayar ƙasa a cikin kowanne, su biya tsada, su yi zaman jira. Kundin 2017 ya kawo sauƙi ba tare da sassauta ma'auni ba: in kebul ɗin suna tire ɗaya, an yarda a shimfiɗa waya ɗaya cikakkiya a gefensu, a haɗe ta da duk ƙananan da ke ciki. Shi kansa tiren yana iya zama hanyar, amma da sharaɗi: a ɗinke kowace mahaɗa, kaurin ƙarfensa ya kai, ƙwararru na kula da wurin. Tiren baƙin ƙarfe ba ya wuce amfiya 600, na alminiyon ba ya wuce 2,000.

Mu a Nijeriya tsarin Ingila muka gada, amma wutar da ke gudana a tirukan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Kakuri ba ta san kundin wace ƙasa ake bi ba. Har yanzu akwai masu ganin da zarar an binne sanda an zuba gawayi da gishiri, an gama. Sandar da turjiyarta ta kai om 25, a kan bolt 230, amfiya 9 da 'yan kai kawai za ta wuce da su, abin da ba zai motsa ko burekar ɗaki mai amfiya 20 ba, balle ta masana'anta.

Abin da ke damuna shi ne wayar ƙasa ce ake fara rage wa kauri in kuɗin aiki ya gaza, domin ba ta kunna fitila, ba ta juya inji, mai gini ba zai ga bambanci ba ranar buɗewa. Amurkawa sun biya kuɗin wannan darasi da gobara da rayukan ma'aikata, mu kuwa mun same shi a rubuce. Duk mai biyan kuɗin aikin wuta yana da haƙƙin ya tsaya a ƙarƙashin tire ya tambayi injiniya girman burekar da kaurin wayar ƙasa, kuma kada ya sa hannu a takardar karɓar aiki sai lissafin biyun ya dace.